Ni AS, ita ma AS: mene ne a cikin jininmu da har zai taɓa maganar aure?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matashi ne a Gwammaja. An yi mana baiko da 'yar goggona, har an fara maganar sa rana. Muka je gwajin da ake yi kafin aure, takarda ta nuna ni AS, ita ma AS. To amma lafiyata lau, ƙwallo nake bugawa duk yamma, ita ma ba ta taɓa kwanciya asibiti ba. Mu tara ne a ɗakinmu, babu mai sikila ko ɗaya. Rukunin jininmu ma ɗaya ne, O. Goggo ta ce jini ya zo ɗaya, an dace ke nan. Wani abokina ya ce ɗa na huɗu ne ke zuwa da ciwon, mu tsaya a uku. Wani kuma ya ce akwai maganin da ke mayar da AS ya koma AA. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, na san nauyin da ke ƙirjinka lokacin da kake rubuta wannan, domin na sha ganin irinsa a fuskar samari da 'yan mata da suka zauna gabana riƙe da takardar gwaji. Ba zan fara da ce maka yi ko bari ba. Haruffa biyun nan da ke kan takardar ba za su yi maka ma'ana ba sai ka san aikin da jini yake yi, don haka ka yi haƙuri mu faro daga tushe.

Ja numfashi ka riƙe. Kafin minti ɗaya ya cika jikinka zai fara yi maka ƙorafi. Abin da yake nema shi ne oksijin, wanda shi ne kusan kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Jiki kamar murhu yake: tuwon da ka ci shi ne itacen, oksijin kuma shi ne iskar da ake fifitawa wuta ta kama. Kowane lungu na jiki, daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa, yana buƙatar wannan iska ba dare ba rana, kuma ƙwaƙwalwa ba ta jure rashinta fiye da 'yan mintuna. Matsalar ita ce oksijin ba ya narkewa sosai a ruwa. Da a ce ruwan jini kaɗai aka bar wa dakonsa, abin da zai ɗauko daga huhu ba zai riƙe mutum ko yana kwance ba.

Shi ya sa Allah ya halicci 'yan dako na musamman, wato jajayen ƙwayoyin jini. A ɗigon jinin da bai fi kan allura ba akwai kimanin miliyan 5 daga cikinsu. Idan ka duba su a madubin da muke amfani da shi a ɗakin gwaji, za ka ga kowace kamar 'yar ƙaramar gurasa ce da aka danna tsakiyarta ta fuska biyu. Laushi gare ta, tana lanƙwasuwa. Wannan laushin shi ne rayuwarta, domin ƙananan hanyoyin jinin da take ratsawa wasu sun fi ta ƙanƙanta. Ka tuna lungunan cikin gari, wajen Kurmi, inda mutum biyu ba sa iya jerawa sai ɗaya ya karkata kafaɗa. Haka take karkatawa ta wuce, ɗaya bayan ɗaya, har tsawon kwana 120 da take yi a raye kafin ɓargo ya maye gurbinta da sabuwa.

A cikin kowace ƙwaya an cusa wani sinadari mai suna himogulobin, kimanin guda miliyan 270. Shi ne ainihin mai ɗaukar kayan, kuma shi ne yake sa jini ja. Kowane ɗaya an gina shi da zare huɗu, biyu ana ce musu alfa, biyu ana ce musu beta, kuma kowane zare yana rungume da ɗigon sinadarin ƙarfe guda inda oksijin yake zama. Ka ɗauke shi kamar adaidaita sahu mai kujera huɗu. A huhu yake lodi, kuma wani abin sha'awa, da fasinjan farko ya shiga sai sauran kujerun su ƙara buɗewa, lodi ya yi sauri. Idan ya isa inda ake aiki, kamar cinyarka lokacin da kake bin ƙwallo, inda zafi ya ƙaru kuma oksijin ya yi ƙasa, sai ya saki fasinjojinsa. Wurin da ya fi buƙata shi ya fi samu. Kusan kashi 98 cikin 100 na oksijin da ke yawo a jininka a kan wannan motar yake tafiya.

Bari in ɗan ratse, domin abin yana ci mini tuwo a ƙwarya duk shekara. Hayaƙin janareta da na gawayi suna ɗauke da wata iska mai guba da ba ta da wari, wadda take manne wa himogulobin fiye da oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Tana cika kujerun ta ƙi sauka. Shi ya sa ake wayar gari a tarar da iyali sun mutu a ɗaki cikin hunturu bayan sun shigar da kaskon wuta sun rufe ƙofa da taga. Iska tana nan a ɗakin, huhunsu lafiya, amma motar da za ta kai ta ce aka ƙwace. Kada a kwana da gawayi ko janareta a rufaffen wuri.

To wane ne yake gaya wa ɓargo yadda zai ƙera himogulobin? Nan gado ya shigo. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, an yi shi da haruffa huɗu kacal, amma tsawonsa ya kai haruffa kusan biliyan 6. An rarraba shi a ƙunshi 46 da ake kira kuromosom: 23 daga uba, 23 daga uwa. Saboda haka kusan kowane umarni da ke jikinka kofi biyu gare shi, ɗaya na Baba, ɗaya na Inna. Idan kai ma ka tashi haihuwa, ba duka za ka ba ɗanka ba. Daga kowane biyu ɗaya za ka bayar, kuma ba kai kake zaɓa ba. Hanyoyin da ƙunshin nan 23 za su iya haɗuwa daga wajen uba kaɗai sun haura miliyan 8, haka ma daga wajen uwa. Wannan ne ya sa ku tara a ɗakinku, uwa ɗaya uba ɗaya, amma wani dogo wani gajere, wani ya ɗauko hancin kaka, wata ta ɗauko hasken goggo.

Wasu siffofin, kamar tsawo da launin fata, umarni masu yawa ne suke haɗa hannu a kansu, sannan abinci da rana da yanayin rayuwa su sa nasu hannun. Yaron da ya gaji tsawo amma ya tashi cikin yunwa ba zai kai inda ya kamata ya kai ba. Wasu kuwa umarni ɗaya tak ne yake yanke hukunci, kuma sikila tana cikin waɗannan. Wani malamin coci mai suna Gregor Mendel, wanda ya yi shekaru yana haɗa irin wake a lambunsa a Turai, shi ya fara rubuta ƙa'idar a 1866: siffa tana iya ɓuya a jikin iyaye ba a ganinta, sai ta bayyana a ɗa idan ya karɓo ta daga ɓangarorin biyu.

Umarnin ƙera zaren beta yana kan kuromosom na 11. Zaren kamar carbi yake mai ƙwaya 146. A wajen mai S, harafi ɗaya ne ya sauya a rubutun, sai ƙwayar carbi ta shida ta zama wata daban. Shi ke nan fa. Ɗaya cikin 146. Kada ka raina shi, domin kai da kake rubuta Hausa ka san abin da lanƙwasa ɗaya take yi tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa.

Ga abin da wannan sauyin yake jawowa. Muddin himogulobin S yana ɗauke da oksijin, yana zaune lafiya. Da ya sauke, sai wani gefe nasa mai danƙo ya fito, ya manne da na kusa da shi, wancan ma ya manne da na gaba, har su zama dogayen sanduna a cikin ƙwayar. Sandunan su miƙe ta, 'yar gurasar nan mai laushi ta koma kamar lauje ko jinjirin wata, ta yi tauri. Ta zo lungu, ba ta iya karkatawa. Ta tokare, na bayanta su taru, hanya ta toshe. Naman da ke gaba ya rasa oksijin, kuma wannan rashin shi ne azabar da masu amosanin jini suke ji a ƙashi da gaɓoɓi da ƙirji. Sannan ƙwayar da ta sha lanƙwashewa ba ta daɗewa: maimakon kwana 120, tsakanin 10 zuwa 20 take yi ta fashe. Ɓargo yana ta aiki amma ba ya cimma ta, sai jini ya yi ƙasa, ido ya yi ruwan ɗorawa. A nan iyaye da yawa suke kuskure, su sayo maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe su yi ta ɗura wa yaro. Ba ƙarfe ya rasa ba, ƙwayoyinsa ne suke mutuwa da wuri, kuma ƙarfen da ya yi yawa illa yake yi wa hanta da zuciya, musamman ga wanda ake yawan ƙara wa jini.

Jariri ba ya nuna komai da farko, domin yana zuwa duniya da wani nau'in himogulobin na cikin ciki wanda ba ya yin sandunan nan. Sai wajen wata shida, idan na jariran ya ja baya, ciwon yake fara leƙowa. Ba na manta wata uwa da ta shigo mini da ɗanta ɗan wata takwas, bayan hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura sun yi sumul, ko zanin goyo ya taɓa su sai ya canyara kuka. Ta ce kwana uku ba ta runtsa ba, an ce mata ko maye ne, an yi turare an yi rubutu. Da na gaya mata sakamakon gwaji, abin da ta fara tambaya shi ne, ita ce ta sa masa? Na ce mata a'a, rabi daga gare ta, rabi daga babansa, babu wanda ya fi wani. Ina so ka riƙe wannan, domin a gidaje da yawa uwa ake ɗora wa laifin ita kaɗai, har a ce ta kawo ciwo cikin dangi. Ɗa ba ya zama SS sai uba ya ba da S kamar yadda uwa ta bayar.

Mutanenmu sun san ciwon tun kafin asibiti ya zo, sun lura yana tashi da sanyin hunturu da dukan ruwan damina. Likitancin zamani kuwa ya fara rubuta shi a 1910, lokacin da wani likita a Amurka, James Herrick, ya ba da labarin ƙwayoyi masu siffar lauje a jinin wani ɗalibi baƙar fata. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin ɗin ne ya bambanta, kuma a tsakiyar shekarun 1950 Vernon Ingram ya gano ƙwayar carbin guda da ta sauya.

Yanzu mu zo kanka. Kai AS ne, wato kofi ɗaya na A, himogulobin da aka saba da shi, ɗaya na S. A cikin kowace ƙwayar jininka A ya fi S yawa, yana shiga tsakani ya hana sandunan haɗuwa. Shi ya sa kake buga ƙwallonka lafiya. AS ba ciwo ba ne, ba rabin sikila ba ne, kuma ba ya rikiɗa ya zama SS da tsufa. Abin da kawai nake ce wa masu shi, su yawaita shan ruwa idan za su yi aikin ƙarfi a zafin bazara, kuma idan suka taɓa ganin jini a fitsari su zo asibiti.

Za ka iya tambaya, abin da yake kashe yara haka, me ya sa bai ƙare ba, har ma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi? Amsar tana wajen sauro. A 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna a gabashin Afirka cewa yara masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro. Bincike na baya ya tabbatar cewa AS yana rage haɗarin mummunan zazzaɓin, irin mai kai yaro ga suma ko mutuwa, da kusan kashi 90 cikin 100. Ƙwayar cutar a cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama, kuma gidan mai AS ba ya yi mata daɗi. Shekaru dubbai, a ƙasar da sauro yake ɗibar yara, masu AS sun fi tsira su girma su haihu, sai S ya yaɗu. A nan kusa da mu ma an gani. A binciken zazzaɓi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Garki cikin shekarun 1970, lokacin tana jihar Kano kafin a ƙirƙiri Jigawa, an samu kimanin jarirai 2 cikin 100 ana haifarsu SS, amma a cikin manya da wuya a ga mai shi, domin yawancinsu ba sa wuce ƙuruciya. Saboda haka S ɗin da ke jikinka ba aibu ba ne a zuriyarku. Garkuwa ce da ta tsare kakanninka. Sai dai ba ta hana kamuwa da zazzaɓi gaba ɗaya, don haka gidan sauro yana nan a wajabce. Kuma garkuwar nan idan ta zo biyu, ita ce ciwon. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Ga lissafin da abokinka ya karkatar. Ka ɗauka kana da aljihu da goro biyu a ciki, fari da ja. Farin shi ne A, jan shi ne S. Ita ma haka nata aljihun yake. Duk lokacin da ciki zai shiga, kowannenku zai sa hannu ido rufe ya zaro ɗaya. Ko fari da fari, ɗa ya zama AA. Ko naka fari nata ja, ko naka ja nata fari, duka biyun AS. Ko ja da ja, SS. Hanya huɗu, ɗaya daga ciki ita ce ciwon. To amma bayan an zara, goron komawa aljihu yake. Ciki na gaba sabon zara ne, bai san abin da ya faru a na baya ba. Babu layi, babu wani ɗa na huɗu. Na ga ɗan fari SS. Na ga gidan da uku a jere suka zo SS. Na kuma ga gidan da aka haifi biyar babu ko ɗaya, kuma irin wannan gidan ne ake kafa hujja da shi a zaure, ba a kawo labarin sauran. Idan kuka tsaya a uku kamar yadda ya ce, yiwuwar a samu aƙalla ɗaya mai sikila a cikinsu kusan 58 ce cikin 100. Idan kuka haifi shida, ta haura 80 cikin 100.

Batun ku tara babu mai ciwo kuwa, bayaninsa mai sauƙi ne. Mai yiwuwa ɗaya daga cikin iyayenka ne kawai yake da S, ɗayan AA ne. A irin wannan auren ko ɗa ashirin aka haifa ba za a samu SS ba, sai dai kusan rabi su zama AS ba tare da kowa ya sani ba. Tunda yarinyar 'yar goggonka ce, ba mamaki S ɗinka da nata daga kaka ɗaya suka gangaro, ta wajen mahaifinka da 'yar'uwarsa. Abin da auren zumunci yake yi ke nan: ba ya ƙirƙirar ciwo, amma yana ƙara yiwuwar abu ɗaya da ya ɓuya a dangi ya haɗu da kansa. Kuma ko bare ka nema ba ka tsira daga gwaji ba, domin idan ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S, to a cikin kowane aure goma sha shida da aka ɗaura ba gwaji, kusan ɗaya AS ne da AS. Sannan idan ka zauna da tsofaffin gida ka tambaye su a hankali, wataƙila ka ji labarin yaran da suka rasu suna ƙanana a zamanin da, aka ce shawara ce ko zazzaɓi, ba a taɓa gwada su ba.

Maganar Goggo, Allah ya ƙara mata lafiya, ta haɗa abu biyu ne da ba su da alaƙa. Rukunin jini, wato A, B, AB da O, wanda Karl Landsteiner ya gano a farkon shekarun 1900, alama ce da ke jikin bangon ƙwayar daga waje, kuma amfaninta shi ne sanin jinin wa za a ƙara wa wa. Jinotayif kuwa, wato AA ko AS ko SS, labarin abin da ke cikin ƙwayar ne. Harafin A na wannan ba shi ne A na wancan ba. Mutum zai iya zama O kuma SS. Abin da ya kamata a duba a rukunin jini kafin aure shi ne alamar da ke gaban harafin, ta ƙarawa (+) ko ta ragewa (−). Idan ta mace mai ragewa ce, ta mijin kuma mai ƙarawa, akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari don kare cikin gaba. Wannan ba ya hana aure.

Mai cewa yana da maganin mayar da AS zuwa AA, kuɗinka kawai zai ci. Rubutun yana cikin ƙwayoyin jikinka tun ranar da aka yi cikinka, babu jiƙo ko ƙwaya ko allurar da take goge shi. Idan ka ji wani ya ce an gwada shi AS daga baya ya koma AA, ɗaya daga gwaje-gwajen ne aka yi kuskure, ko an gwada shi bayan an ƙara masa jinin wani. Ko dashen ɓargo, wanda yake warkar da mai SS, kuma aka fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011, jinin mutum yake sauyawa, ba ya taɓa irin da zai ba 'ya'yansa. Haka ma sabon maganin gyaran ƙwayar halitta da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda kuɗinsa a lokacin ya haura dala miliyan 2.

Tunda kuskure yana faruwa, ku sake gwajin a babban asibiti, kamar na Malam Aminu Kano ko na Murtala, kuma ku tabbatar irin gwajin da ke rarrabe nau'o'in himogulobin ne, ba wanda kawai yake nuna akwai S ko babu ba. Akwai wani nau'in da ake kira C, ya fi yawa a ƙasar Yarabawa da Gana da Burkina Faso amma muna ganinsa a nan, kuma idan ya haɗu da S shi ma ciwo ne. Abin da nake roƙonka da girman Allah, kada ka bi shawarar masu cewa a je a gyara takarda. Na taɓa karɓar yarinya 'yar shekara biyu da jininta ya kusa ƙarewa, uban ya zaro takarda daga aljihu yana rantsuwa shi AA ne. Muka sake gwadawa, AS. Daga baya ya faɗa mini da bakinsa cewa ya san gaskiya, biya ya yi a wani ɗakin gwaji aka rubuta masa abin da yake so. Yana faɗa yana kallon 'yarsa da robar jini a hannunta, matarsa tana gefe tana jin wannan magana a karon farko.

Dokar da gwamnatin Kano ta sa wa hannu a 2024, wadda ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da jinotayif, abu ne mai kyau kuma na yi murna da ita. Inda take da rauni shi ne lokacin da mutane suke zuwa. Sai an yi baiko, an haɗa lefe, an sa rana, zukata sun riga sun ƙullu, sannan a tuna da gwaji. A lokacin gaskiya ta yi tsada, shi ya sa wasu suke sayen ƙarya.

Ka tambaye ni gaskiya, to ga ra'ayina ba ɓoye-ɓoye: idan gwaji na biyu ya tabbatar, ba na ba ku shawarar wannan auren. Ba don ina ganin son da kuke yi wa juna ƙaramin abu ba ne. Dalilina shi ne wanda zai ɗauki nauyin ba ya cikin zaman da ake yanke shawarar. Na tsaya a kan yaro ɗan shekara goma da ƙarfe biyun dare cikin hunturu, yana murƙususu yana roƙon a cire masa ƙafar ya huta, uban yana waje yana buga waya neman wanda zai ba da jini. Wanda ya ga wannan sau ɗari ba zai iya ce maka ku je kawai Allah zai kiyaye ba. Allah yana kiyayewa, kuma shi ne ya ba mu sanin da za mu kiyaye da shi. Hadisin mai raƙumi sananne ne, aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Hukuncin shari'a kuwa na malamai ne, ku je musu da bayanin nan cikakke. Hukuncin ƙarshe naku ne ku biyu, kuma ita ma sai ta ji duk abin da ka ji, daga bakin likita, ba ta hanyar saƙo ba.

Kada kuma maganata ta sa wani mai SS da ke karantawa ya ji kamar an yanke masa ƙauna. Zamanin Garki ya wuce. Yaron da aka gano da wuri, aka ba shi rigakafinsa cikakke, da penisilin, da folik asid, da kariya daga sauro, aka kula da shan ruwansa da suturarsa lokacin sanyi, aka garzaya da shi asibiti da zarar jikinsa ya yi zafi, yana girma ya yi karatu ya yi sana'a. Akwai maganin haidiroksiyuriya, wanda yake sa jiki ya koma ƙera himogulobin irin na jarirai, ya rage tashin ciwon. A nan Kano, a asibitocin Malam Aminu Kano da Murtala, likitocinmu tare da abokan aikinsu na Amurka suka yi binciken da ya nuna cewa idan aka auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yara da na'ura, aka gano masu haɗarin shanyewar ɓarin jiki, wannan maganin yana kare su. Ina da marasa lafiya da suka yi digiri, suka yi aure da masu AA, 'ya'yansu duka AS, lafiya lau. Idan kuka zaɓi ci gaba duk da haka, to ku shiga da shiri, kuma duk jaririn da aka haifa a gwada shi tun kafin ya nuna alama.

Idan kuma kuka fasa, kada ka bari a ce an fasa ne don yarinyar tana da wani ciwo. Ba ta da komai da ba ka da shi. Ka tsaya a gaban iyaye ka faɗi haka da bakinka, don kada zumunci ya lalace kuma kada a ɓata mata suna wajen manema na gaba. Ku zo asibiti tare, da babba ɗaya daga kowane ɓangare, Goggo ma ta zo, a zauna a yi mata lissafin goron nan a gabanta. Sannan ƙannenka da nata da ba su kai ga maganar aure ba, a kai su a gwada su a wannan hutun, kowa a ba shi takardarsa ya adana.